Dalilan Haɗa Arewa da Kudu Cikin 1914, da Yadda Abin Ya Iske Manomin Ƙasar Kano

Gabatarwa

Ran 1 ga watan Janairu na 1914 aka yi shela a Ikko cewa daga wannan rana Nijeriya ta Arewa da Nijeriya ta Kudu sun zama ƙasa guda, a ƙarƙashin Gwamna guda. Kusan kowane ɗan makaranta ya haddace wannan rana, amma in aka tambaye shi dalili, galibi amsarsa ba ta wuce cewa Gwamna Lugga ne ya ga dama ya yi haka. Wannan amsa ta yi kaɗan, gama babban al'amari irin wannan ba ya tsayawa a kan ganin damar mutum ɗaya, kome girman ikonsa.

Harshen Hausa ya bambanta abu biyu waɗanda ke da amfani a wannan bayani. In aka ce “an haɗa su”, to, akwai wani na waje wanda ya yi aikin. In kuwa aka ce “sun haɗu”, aikin ya tabbata a jikinsu, ko da nufinsu ko da tilas ɗin zama. Abin da ya faru cikin 1914 haɗawa ce, kuma abin da aka haɗa ɗin baitulmali ne da hanyar jirgin ƙasa da kwastan. Haɗuwar mutane daga baya ta biyo, sannu a hankali, ta hanyar kasuwa da tasha. Makasudin wannan takarda shi ne a bayyana dalilan kuɗi da na mulki da suka sa Turawan Ingila yin wannan haɗi, sa'an nan a duba yadda ya iske talaka a gonarsa. An ɗauki misali da ƙasar Tsanyawa, a arewa maso yammacin birnin Kano, bisa hanyar Katsina bayan an wuce Bichi.

Ƙasashe uku kafin a yi guda

Turawan Ingila ba su ci wannan ƙasa a rana ɗaya ba, ba su kuma shigo ta ƙofa ɗaya ba. Cikin 1861 suka karɓe Ikko daga hannun sarkinta Dosumu, ta zama mallakar Sarauniyar Ingila. Cikin 1885, bayan taron da ƙasashen Turai suka yi a Berlin don shirya yadda za su raba Afirka, Ingila ta ce bakin teku na wajen Kalaba da rafukan manja yana ƙarƙashin kariyarta. Cikin 1886 kuma aka ba Kamfanin Neja, wanda George Goldie ke shugabanta, takardar izinin ciniki da mulki a kan Kwara da Binuwai. Watau dai hukuma uku ke nan, kowace da dokokinta da kuɗin fitonta da sojanta, har ma a Landan ba ofishi ɗaya ke lura da su ba.

Da rigima ta yi tsanani tsakanin Ingila da Faransa a kan Bargu da iyakokin ƙasar Sakkwato, sai Gwamnatin Ingila ta ga kamfanin 'yan ciniki ba zai iya tare sojan Faransa ba. Aka kafa wani kwamiti cikin 1898 a ƙarƙashin Lord Selborne don ya duba makomar ƙasashen nan. Kwamitin ya ce abin da ya dace a ƙarshe shi ne a mai da su ƙasa guda, amma a dakata tukuna, domin babu hanyoyi, babu waya, kuma Gwamna ɗaya ba zai iya kewaya su duka ba. Ashe tun shekara 16 kafin shelar Ikko an riga an yanke shawara, lokaci kaɗai ake jira. Ko sunan Nijeriya ma ya riga haɗin, gama Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugga, ita ta kawo shi cikin jaridar Times a 1897.

Aka karɓe mulki daga hannun Kamfanin Neja, aka biya shi diyyar fam 865,000. Ran 1 ga Janairu na 1900 Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya ɗaga tuta a Lakwaja, ya ce an kafa Nijeriya ta Arewa, alhali kuwa yawancin ƙasar da ya ambata ba ta ko san an yi ba. Sai cikin Fabrairu na 1903 aka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari. Cikin Maris aka ci Sakkwato, cikin Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi. Can Kudu, cikin 1906, aka haɗa Ikko da Nijeriya ta Kudu a hannun Gwamna Walter Egerton. Uku ta koma biyu.

Dalilin kuɗi

Ka'idar Baitulmalin Ingila a zamanin nan ita ce kowace ƙasar mallaka ta ci da kanta, kada ta zama kaya a wuyan mai biyan haraji na Ingila. Kudu ta cika wannan sharaɗi, Arewa kuwa ta kāsa, kuma dalilin ba lalaci ba ne ko rashin arziki. Ya kamata a fahimci inda gwamnatin mallaka ke samun kuɗinta. Mafi yawansa daga kwastan yake fitowa, watau kuɗin da ake karɓa a bakin teku bisa kayan da jiragen ruwa suka kawo. Duk tashoshin jiragen ruwa a Kudu suke. Saboda haka ko da turmin akoko ko buhun gishiri kasuwar Kurmi ya nufa, a Ikko ko a bakin Kwara ake karɓar kuɗinsa, ya shiga baitulmalin Kudu.

Daɗin daɗawa, babban abin da ke kawo wa Kudu kuɗin kwastan shi ne barasa da ake shigowa da ita daga Turai, a musanya da manja da ƙwarar kwakwa. Cikin 1913 kuɗin fiton barasa kaɗai ya haura fam miliyan ɗaya. Arewa ba ta da rabo a wannan, domin bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels cikin 1890 an hana shigar da barasa ƙasashen da ba ta riga ta bazu ba, musamman na Musulmi, kuma Lugga ya riƙe wannan hani da ƙarfi.

To, me ya rage wa Arewa? Haraji da jangali da kuɗin fito da aka aza wa ayarin fatake, shi ma wannan na ƙarshe an soke shi cikin 1907 don yana kashe ciniki. Harajin kuwa ba duka ke shiga hannun Gwamnati ba, raba shi ake yi da sarakuna, kuma da aka kafa baitulmalin En'e, wanda ya bazu a manyan masarautu wajen 1911, rabin harajin Kano a Kano yake zama. Ga ƙasa mai faɗi, ga soja da za a ciyar, ga Razdan da Di'o da za a biya albashi. Dole Baitulmalin Ingila ya riƙa cike giɓi da gudummawa, wadda in aka daidaita ta kan kai wajen fam 300,000 kowace shekara. Ita ma Kudu tana ba da wajen fam 70,000 a shekara a maimakon kuɗin kwastan na kayan da suka wuce Arewa.

Ga mai riƙe da alƙalamin lissafi a Landan maganar a fili take. Ga maƙwabta biyu, tuta ɗaya, ɗaya da rara, ɗaya da giɓi. In aka zuba kuɗinsu a asusu ɗaya, rarar wannan ta toshe giɓin wancan, Ingila ta huta. Haka kuwa aka yi. Aka rage gudummawar zuwa fam 100,000 a shekara har shekara biyar, cikin 1918 aka daina ba da ita ɗungum.

Akwai gyara guda da ya kamata malamai su riƙa yi wa ɗalibansu a nan. Giɓin da ake magana na gwamnatin Turawa ne a Zungeru, ba na talakan Arewa ba. Manomin Kano yana biyan haraji kai tsaye tun kafin zuwan Turawa, ya kuma ci gaba da biya a ƙarƙashinsu, sa'ad da yawancin mutanen Kudu ba su san harajin kai ba, ta hanyar tsadar kayan kanti suke biya ba tare da sun gani ba.

Dalilin jirgin ƙasa

Abu na biyu da ya gaggauta haɗin shi ne reluwe. Gwamnatin Ikko ta fara shimfiɗa hanyarta cikin 1896, ta kai Badun cikin 1901, ta isa Jeba a bakin Kwara cikin 1909, tana nufin ta jawo cinikin Arewa zuwa tasharta. Gwamnatin Arewa kuwa ba ta so ta zama a hannun Ikko. Lugga ya daɗe yana son hanya tasa ta kansa daga bakin Kwara, kuma magajinsa Percy Girouard, wanda gwanin aikin reluwe ne, shi ya fara ta cikin 1907 daga Baro, ta bi ta Minna da Zariya, ta iso Kano cikin 1911. Da yake Arewa ba ta da abin jingina, da sunan Kudu aka ci bashin da aka yi aikin.

Sai aka wayi gari da hanyoyi biyu suna neman kaya ɗaya, kowace da manajanta da farashinta, kowace tana ƙoƙarin ƙwace wa 'yar'uwarta ciniki, alhali aljihu ɗaya ne ke biyan bashinsu. Ita hanyar Baro tana da aibu babba, gama manyan jiragen ruwa ba su iya isa Baro sai lokacin da Kwara ta cika, 'yan watanni kaɗan a shekara. Da hanyar Ikko ta tsallake kogi ta sadu da ta Baro a Minna cikin 1912, sai ta rinjaye ta. Cikin Oktoba na wannan shekara aka haɗa su a ƙarƙashin hukuma ɗaya. A lura da wannan jeri da kyau: reluwe aka fara haɗawa, fiye da shekara guda kafin a haɗa gwamnatocin. Gadar Jeba kuwa ba a gama ta ba sai 1916, kafin nan da jirgin fito ake ƙetarar da taragu.

Cikin waɗannan shekaru ne kuma aka sami gawayin kwal a Udi, a 1909, aka soma gina tashar Fatakwal, wadda aka raɗa wa sunan Lewis Harcourt, Sakataren Mulkin Mallaka na lokacin. Kwal na Kudu zai tuƙa jirgin da zai ɗauko kuzar Jos da fatun Kano. Shirin da ya kai haka girma ba ya yiwuwa a hannun Gwamna biyu masu ja-in-ja.

Dalilan mulki

Harcourt ya kira Lugga daga Hong Kong, inda yake Gwamna tun 1907, ya naɗa shi Gwamnan ƙasashen biyu cikin 1912, ya umarce shi ya kawo tsarin haɗa su. Ban da kuɗi da reluwe, akwai dalilai na mulki da suka ƙarfafa wannan umarni.

Na farko shi ne tsaro. Faransa ta kewaye Nijeriya ta yamma da arewa, Jamus kuma tana Kamaru ta gabas. Faransawa sun riga sun tattara ƙasashensu na Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Gwamna Janar guda tun 1895. Tashin Satiru na 1906, inda talakawa da fartanya da gatari suka karya rundunar Turawa kusa da Sakkwato, ya nuna wa masu mulki cewa ƙarfinsu bai kai yadda ake zato ba. Suna bukatar soja guda wanda za a iya ɗauka a jirgi daga wannan gefe zuwa wancan. Wata bakwai bayan haɗin yaƙin duniya na farko ya tashi, kuma wannan runduna ce aka tura Kamaru.

Na biyu shi ne saɓanin da ke tsakanin ma'aikatan gwamnatocin biyu. Suna gardama a kan iyaka, musamman wajen Ilori da Kabba, suna gardama a kan kuɗin fito da dokar ƙasa, kuma kowace ƙaramar magana sai an kai ta Landan a jira amsa.

Na uku ya shafi ra'ayin Lugga kansa. Ya gaskata cewa hanyar mulkin da ya kafa a Arewa, watau a mallaki talakawa ta hannun sarakunansu, da alƙalansu, da baitulmalinsu, ta fi ta Kudu, inda ake da lauyoyi da jaridu da majalisa. Yana son ya kai tsarin En'e da harajin kai Kudu. Masu ilmin boko na Ikko sun gane haka, shi ya sa jaridunsu suka soki haɗin tun daga farko, suna tsoron a danne su da dokokin Arewa. Tsoron nasu bai zama banza ba. Cikin 1914 aka soke 'yancin da Abekuta ke da shi, da aka aza haraji a ƙasar Yarbawa aka yi bore a Iseyin cikin 1916 da ƙasar Egba cikin 1918, da aka kai shi gabas kuma matan Aba suka tashi cikin 1929.

Abin da aka haɗa da abin da aka bari

An ba Lugga shawarwari dabam. E. D. Morel, wani marubuci mai bin al'amuran Afirka ta Yamma, ya ce a raba ƙasar manyan larduna huɗu. C. L. Temple, wanda ya daɗe yana aiki a Arewa, ya ce bakwai. Da an bi ɗayansu, da tsohuwar iyakar Arewa da Kudu ta shafe tun a lokacin. Lugga ya ƙi duka biyu. Ya bar iyakar yadda take, ya sa Laftanan Gwamna a kowane gefe, Temple a Arewa, A. G. Boyle a Kudu, shi kuma ya zama Gwamna Janar.

Abin da ya koma hannun gwamnatin tsakiya shi ne baitulmali, da kwastan, da reluwe, da jiragen ruwa, da gidan waya, da soja, da babban kotu. Abin da aka bari a rabe ya haɗa da sakatariya, da makarantu, da 'yan sanda, da dokar mallakar ƙasa. Sai 1929 aka haɗa ma'aikatun ilmi, 'yan sanda kuwa sai 1930. An kafa wata majalisar shawara mai zama sau ɗaya a shekara, da 'yan ƙasa shida a cikinta, biyu daga sarakunan Arewa, amma ba ta da ikon yin doka. Ko Majalisar Dokokin da Gwamna Clifford ya kafa cikin 1922 ikonta bai shafi Arewa ba. Sai cikin 1947, shekara 33 bayan shelar, wakilan Arewa da na Kudu suka fara zama a majalisar dokoki ɗaya. Wanda ya dubi wannan rabo zai ga cewa duk abin da ke kawo kuɗi ko ke tsare kuɗi an haɗa shi nan take, abin da ke haɗa tunanin mutane kuwa an jinkirta shi.

Yadda abin ya iske manomi

Ƙasar Tsanyawa tana cikin yankin nan na Kano mai yawan jama'a, inda gona ke manne da gona, ba a barin saura ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Ƙasa ce mai rairayi, ta gero da dawa da wake, da gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye cikin gonaki. Kafin zuwan jirgi fuskar cinikin wannan yanki arewa da yamma take kallo: Buzaye su kawo gishiri da kanwa daga Azbin, fatake su tafi Gwanja su ɗauko goro, Larabawan Gadamas su kai fata da gashin jimina Tarabulus. Ba wanda ya zo ya karanta wa manomin nan shelar 1914. Sarkinsa na nan, watau Sarki Abbas, wanda ya hau cikin 1903 ya yi mulki har 1919, ga hakimi, ga dagaci, ga alƙali. Ta hanya uku haɗin ya shigo gidansa: kuɗi, da gyaɗa, da jirgi.

Na farko, haraji ya tashi daga dami da wuri ya koma tsabar kuɗin Turawa. An hana shigo da wuri daga waje, kuma daga 1913 aka soma bazo da sulallan da aka buga musamman don ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma, irinsu ɗaya daga Ikko har Katsina. Mai gida dole ya sami abin da zai sayar a ba shi sule.

Na biyu, Turawa auduga suka sa rai jirgin zai kwaso wa masaƙun Lancashire, har an kafa ƙungiya domin haka cikin 1902. Manomin Kano ya yi nasa lissafi dabam. Audugarsa masaƙan gida suna sayenta da daraja fiye da ta Bature. Gyaɗa kuwa tana son rairayi, tana zama tsakanin kunyoyin gero ba ta hana shi, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta a gida, a yi mai da ƙuliƙuli. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun sami dabarar daskarar da man tsirrai, suna neman gyaɗa ido rufe. Attajiran Kano waɗanda suka gwanance da fataucin goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, suka karɓi kuɗin kamfanoni, suka baza yaransu ƙauyuka. Cikin 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba. Cikin 1913 ta haura tan 19,000, har ta fi ƙarfin taragun da ke tashar Kano.

Na uku, jirgin bai bi ta Tsanyawa ba, amma ya juya akalar jakunanta da raƙumanta. Kayan da dā ke nufar hamada sai suka nufi sikeli a Kano, daga nan mil wajen 700 zuwa bakin teku. Cinikin hamada, wanda ya riga ya raunana, ya ƙarasa durƙushewa bayan Italiya ta faɗa wa Tarabulus cikin 1911. Goro ya koma zuwa ta teku da jirgi. Akawuna da masu aikin reluwe daga Kudu suka sauka a Sabon Gari, wanda aka keɓe musu a bayan ganuwa wajen 1913. Harshe ma ya riƙe shaidar wannan cuɗanya: “akawu” da “ashana” daga Yarbanci Hausa ta aro su, kuma “sisi” da “taro” kusan haka suke a bakin Bayarabe.

Kada a ɗauka duk alheri ne. Daminar 1913 ta yi ƙaranci ƙwarai, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta yi tsanani cikin 1914, ta hallaka mutane masu yawa a arewacin Kano da Katsina da Damagaram. Shekarar da littattafan makaranta ke tunawa da ita saboda shelar Ikko, tsofaffin ƙauye da yunwa suka riƙa tuna ta. Daga nan kuma arzikin mai gida ya rataya a kan farashin da ake yankewa a Liverpool, wurin da bai taɓa gani ba.

Kwatanci da waɗansu ƙasashe

Dalilan nan ba Nijeriya kaɗai suka shafa ba. Da ƙasashen Ingila na Amurka ta Arewa suka zama Kanada cikin 1867, tsoron maƙwabciyarsu Amurka da bukatar jirgin da zai sada su da teku suna cikin manyan dalilai, har aka rubuta gina hanyar cikin dokar haɗin. Ƙasashe shida na Ostareliya sun haɗu cikin 1901 don su kawar da kwastan da ke tsakaninsu, su kuma yi tsaro tare. A Afirka ta Kudu cikin 1910 rigimar kuɗin reluwe da kwastan tsakanin ƙasashen bakin teku da na tudu ita ta tura su. Bambancin shi ne a can wakilan mazauna, ko da yake Turawa ne kaɗai, su suka zauna suka yi ciniki a kan sharuɗɗa. A Nijeriya ba a tambayi Sarkin Kano ba, ba a tambayi lauyan Ikko ba.

Misalin da ya fi kusa shi ne na 'yan'uwa Hausawa na Maraɗi da Damagaram. Su an haɗa su da tarayyar Faransa mai hedkwata a Dakar, inda kuɗin kwastan na bakin teku ke taimakon ƙasashen tudu, kamar dai yadda aka yi a nan. Amma ba a ɗaure su da reluwe ba. Gyaɗar Maraɗi ta Kano ta riƙa fita, sai cikin shekarun 1950 Faransawa suka yi ƙoƙarin karkata ta zuwa Kwatano. Da mulkin kai ya matso, ƙasashe masu arziki, musamman Kwaddibuwa, suka ƙi ci gaba da ɗaukar nauyin sauran, tarayyar ta watse, Nijar ta sami 'yanci ita kaɗai cikin 1960 ba ta da mafita zuwa teku.

Kammalawa

An gwada ƙarfin ɗaurin 1914 cikin 1953, sa'ad da Anthony Enahoro ya kawo batun mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a Ikko, cikin Mayu kuma aka zub da jini a Kano. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya kira haɗin kuskure a gaban majalisa. Majalisun Arewa suka fito da shiri mai sharaɗi takwas wanda ya kusa zama rabuwa. Amma abin lura shi ne abubuwan da suka yarda a bari a haɗe: tsaro, da hulɗa da ƙasashen waje, da kwastan, da hukumomin reluwe da tashar jiragen ruwa. Waɗannan su ne kusan ainihin abin da Lugga ya haɗa. A taron Landan na wannan shekara Arewa ta dage a cire Ikko daga Jihar Yamma ta zama ta kowa, domin ita ce ƙofar da gyaɗarta ke fita. Aka daidaita a kan mulkin tarayya cikin 1954, aka sami 'yanci cikin 1960.

Iyakar da Lugga ya ƙi shafewa ta ci gaba da zama tushen tsoro da zargi har 1967, lokacin da aka raba ƙasar jihohi 12, Kano ta zama jiha, aka kuma shiga yaƙin basasa na wata 30. Dalar gyaɗa ta ɓace bayan farin shekarun 1970 da cutar da ta kama shukar cikin 1975, man fetur ya maye gurbinta a baitulmali, gardamar rabon kuɗi kuwa ta sāke kama ba ta mutu ba.

Saboda haka malamin da zai koyar da wannan babi zai kyauta in ya raba tambaya biyu. Ta farko, me ya sa Ingila ta haɗa? Amsarta tana cikin littafin lissafi: giɓin Zungeru, da kwastan na Ikko, da bashin reluwe, da tsoron maƙwabta. Ta biyu, me ya sa haɗin ya ɗore bayan masu yinsa sun tafi? Amsar wannan sai a neme ta a wurare irin su Tsanyawa, inda cikin shekara 40 harajin mai gida da suturar iyalinsa da goron bikinsa duk suka koma dogara ga hanyar da ta bi ta Jeba zuwa teku.